Akun da Gershon Ya Bari

Ranar da aka binne Gershon, akunsa ne ya watsa taro.

An dawo daga maƙabarta, mata sun cika falo, 'yan zumunta na Kafanchan da waɗanda suka zo daga Kagoro, kowace cikin zanen ƙungiya. An gama waƙa ke nan, matar fasto ta rufe ido za ta fara addu'a, sai wani mai ta'aziyya ya ƙwanƙwasa ƙofar gida. Daga baranda aka ji gyaran murya, tarin nan biyu da duk unguwar ta sani, sannan muryar mamacin, ba ragi ba ƙari, ta ce, "Wane ne? Shigo mana, a buɗe take."

Kai, kada ka so ka ga mata. Addu'a ta maƙale wa matar fasto a wuya. Wata tsohuwa ta fita ta ƙofar baya ba takalmi, aka yi ɓarin kular kunu a kan tabarma, masu kiran sunan Yesu na yi, masu neman jakunkunansu na yi. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba, Hulda, matar marigayin. Tana zaune a kan katifar da aka shimfiɗa mata a ƙasa, kuma Allah ya sani, tun ranar da mijinta ya faɗi a gonar bayan gida bai tashi ba, sai a lokacin ta ji numfashinta ya sauka har ciki. Amma ta ina za ta faɗi haka a gaban dangin miji? Ta sunkuyar da kai.

Akun sunansa Fasinja. Gershon ma'aikacin jirgin ƙasa ne tun lokacin da tashar Kafanchan take tasha, kuma shekara ashirin da shida ke nan da ya dawo daga Fatakwal da kwali a hammata, ya ce ga wani ya biyo shi ba tikiti. Tsuntsu ne mai ruwan toka, jar wutsiya, da kallo irin na sufeton makaranta. Ya iya usur ɗin jirgi, ya iya tarin Gershon, ya iya rabin wata waƙar yabo, ɗaya rabin kuwa ya ƙi koya ƙememe.

Hulda dai, in za a faɗi gaskiya, ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Shugabar makarantar firamare ce har ta yi ritaya, mace mai son kowane abu a wurinsa, ga kuma tsuntsun da ba shi da aiki sai watsa ɓawo a baranda. Abin da ya fi ci mata rai shi ne safiya. Kullum ta tashi ta hura gawayi, ta ɗora ruwan wanka, ta juye a bokiti, shi kuwa Gershon yana can bayan bangon kicin yana ta ƙus-ƙus da akunsa. Sai ta buga murfin tukunya, ta saki muryar nan da ta shekara talatin tana tsayar da yara a layi, ta kira sunansa, ta ce ruwa zai huce, da shi take. Daga bayan bango amsar ba ta canzawa: "Na ji, Hedimasta. Bari in gama da Fasinja." Maƙwabta da wannan faɗan suke sanin shida da rabi ta yi.

Wadda ta yanke hukunci ranar jana'izar ita ce Tamar, yayar Gershon, tsohuwa mai sanda wadda ba a taɓa ganin ta dogara da sandar ba, nuni kawai take yi da ita. Ta ce muryar wanda ya tafi ba ta yawo a gidan makoki. Ta ce wannan abu yana tsorata baƙi, yana kuma hana uwargida ta saki mijinta ya huta. Nan take aka sauke kejin daga ƙusarsa, aka kai shi sito, aka ɗora a kan buhunan busasshiyar citta, aka lulluɓe da tsohon bargo don kada ya ga haske ya ce zai yi magana.

A danginsu Gershon, matar da mijinta ya rasu zama take yi. Ba ta shiga kicin, ba ta shara, ba ta leƙa waje, ba a jin muryarta sama da ta kowa, har sai dangi sun ce zaman ya ƙare. Sau ɗaya Hulda ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko ana duba tsuntsun.

"Matarmu," in ji Tamar, "ki zauna da baƙin cikinki. Tsuntsu ne, ba jariri ba. Ana ba shi abinci."

Ana ba shi kam. Duk wadda ta tuna sai ta ɗaga gefen bargo ta tura abin da ya rage: shinkafa da miya, gutsuren biredi, soyayyiyar gyaɗa mai gishiri. Wata mai tausayi har shayi ta zuba masa. Su a ganinsu gata suke yi masa, abincin mutane yake ci. Haka aka yi mako uku.

Ranar da motar ƙarshe ta kwashe dangi zuwa Kagoro, Hulda ko ɗankwali ba ta gyara ba ta nufi sito. Yajin citta ya doke ta, ta yi atishawa uku kafin ta kai ga bargon. Ta yaye shi. Ƙirjin Fasinja tas yake, ba gashi, fata jajir kamar kazar da aka fige. Jar wutsiyar saura gashi biyu. Ƙasan kejin cike da gashinsa da shinkafar da ta yi funfuna, kofin ruwa ya yi kore. Ya lumshe ido saboda haske, ya matsa ƙarshen sandarsa, ya juya mata baya.

Ta kira sunansa. Ko motsi bai yi ba.

To, ga abin da yake akwai. Bayan rasuwar, ɗansu Kevin ya bincike wayoyin gidan kaf kafin ya koma Legas, yana neman inda aka taɓa ɗaukar muryar babansa. Abin da ya samu bidiyon wani biki ne, Gershon yana rawa, ganga ta cinye komai. Hotuna kam ga su nan har a jikin kalanda da jakar leda da aka raba wa masu ta'aziyya. Amma murya, duk duniya wuri ɗaya ta rage, cikin maƙogwaron tsuntsun nan da ya fige kansa ya kuma rufe baki. In ya mutu, ko ya manta, shi ke nan.

Ta ɗauko kejin ta kai falo, ta ɗora a kan teburin tsakiya, ƙarƙashin hoton aurensu, wai girmamawa. Kwana biyu ba ya ci. A na uku Tamar ta leƙo, ta duba shi ta gefen ido, ta ce ai wannan ciwon kaji ne, ita da ta shekara sittin tana kiwo ba za a gaya mata ba. Ta kwance bakin zane ta fito da kafso ja da rawaya, ta fasa biyu a ruwansa, ta barbaɗa garin barkono a kai, ta ce kafin Lahadi zai tashi. Hulda, wadda ta koyar da tsabta da kiwon lafiya shekara da shekaru, ta tsaya tana kallo, har da godiya. Fasinja ya shanshana ruwan sau ɗaya ya daina sha gaba ɗaya. Washegari kashinsa ya zama ruwa, fikafikansa suka sauka.

Sai ta lulluɓe kejin da zane, ta hau keke mai ƙafa uku, ta nufi shagon Angelina.

Angelina likitar dabbobi ce, shagonta na kan hanyar kasuwar aladu, kuma ta taɓa zama a ajin Hulda, aji huɗu, layin gaba. Tana ganin malamarta ta miƙe har da rusunawa. Da ta ɗaga zanen kuwa, fara'ar ta ɗauke. Ba ta ɓoye ba, ta ce ita aikinta aladu ne da kaji da karnuka, aku ba kullum ba. Ta kira wani abokin karatunta a Jos, suka daɗe suna magana, tana juya kejin tana ba shi bayani. Ta naɗe tsuntsun cikin tawul, ta taɓa ƙashin ƙirjinsa, ta leƙa hancinsa, ta ɗiga masa wani ruwa a baki da sirinji. Sannan ta zauna ta fara tambaya, Hulda tana amsawa, kowace amsa tana fin ta baya muni. Da aka zo kan kafso da barkono, Angelina ta rufe ido na ɗan lokaci, irin na wadda take tuna cewa wannan matar ta taɓa riƙe mata bulala.

Ta ce aku ba kaza ba ne. Ta ce gishiri da mai da shayi ba nasa ba ne, piya kuwa ko kusa da kejin kada ta kuskura ta kai, kashe shi take yi. Ta lissafa abin da za a ba shi: gwanda, gwaiba, ɗanyar masara tunda lokacinta ne, ganyen zogale, kwakwar manja ɗaya ko biyu a rana, ruwa mai tsabta safe da yamma. A riƙa yayyafa masa ruwa yana wanka, ya sha hantsi, a sa masa ɗanyen reshen gwaiba ya samu abin ɓarza maimakon gashinsa. A kuma mayar da shi daidai inda ya saba zama, ba falo ba.

"Jikin zai iya warkewa, Malama," in ji ta. "Amma figar nan ba ƙwari ba ne, ba kuma ciwo ba. Shi ma mutuminsa ya rasa. Ke an zauna da ke, shi a duhu ya yi nasa zaman."

Hulda ta tambayi abin da ya kawo ta: zai sake magana?

Angelina ta ce ba za ta yi mata alkawari ba. Akwai wanda yake dawowa, akwai wanda in shirun ya yi tsawo ya tafi ke nan. Ta ce aku ba haka kawai yake magana ba, kowace kalma akwai abin da ke tayar da ita, wani sauti, wani lokaci, wani abu da ya saba gani. In an dawo masa da safiyarsa yadda take, wataƙila. Sai ta ɗauki biro ta ce, to, me Baba yake yi masa da safe, daga farko har ƙarshe?

Hulda ba ta sani ba. Shekara ashirin da shida, bango ɗaya tsakaninsu, ba ta taɓa zagayowa ta duba ba. Ta san yana ɓata lokaci, ta san ruwa yana hucewa, iyakar saninta ke nan. Kunya ta kama ta a gaban ɗalibarta, haushi kuma ya biyo baya, ba ta ma san wa take jin haushi ba. Ta ce za ta tuna, ta ɗauki kejinta ta fito.

Ta mayar da shi kan ƙusarsa a baranda. Ta yago takarda ta zana jadawali da rula, ta manna a ƙofar kicin: wanka, abinci, hantsi, darasi. Ta shiga kasuwa da kanta tana latsa gwanda ɗaya bayan ɗaya, masu sayarwa na yi mata ta'aziyya tana amsawa da rabin baki. Ta sari reshen gwaiba, ta wanke kofuna da ruwan zafi. A mako na farko ya soma taɓa masara. A na biyu ya karɓi kwakwa, amma sai ta ajiye ta ja da baya. Ranar da ta ce bari ta miƙa masa da hannu, ya kama ɗan yatsanta ya tsaga, ta kwana uku ba ta iya riƙe allura.

Darasin ne ya fi ba ta wahala. Takan ja kujera ta zauna gabansa, ta sassauta murya, ta ce masa, "Fasinja, ce 'shigo mana.' Shi-go ma-na." Ya karkata kai ya kalle ta da ido ɗaya, ya juya ya kalle ta da ɗayan, sannan ya sa baki a ƙirji ya tsinke sabon gashin da ya fara tsirowa ya sake shi ƙasa a gabanta. Yaron da ya fi kowa taurin kai a makarantarta bai taɓa yi mata haka ba.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta rera masa rabin waƙar da ya iya, ta tsaya daidai inda yake tsayawa, shiru. Ta kunna rediyon Gershon. Ta sa tsohuwar hularsa ta aiki, ta ƙanƙance murya ta yi tarin nan biyu, sai ta ƙware da gaske, ta yi ta tari har hawaye, tsuntsu yana ɓarzar itace. Ta tuna ƙwanƙwasa ƙofa ce ta sa shi magana ranar jana'iza, sai ta riƙa fita waje, ta ja ƙofar gidanta ta rufe, ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne. Safe da yamma. Mai shagon da ke kallon gidan ya ga tsohuwar hedimasta tana buga ƙofar gidan da ita kaɗai ce a ciki, tana jira a ce ta shigo. Ka san unguwa. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kagoro, daga Kagoro ya kai Legas.

Duk wannan a hankali take yin shi, murya ƙasa-ƙasa. Tun zaman makoki muryarta ba ta sake tashi ba. A coci mata har yabonta suke yi, wai dubi yadda Ubangiji ya sanyaya Mama Hulda, dā wuta ce, yanzu ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi. Ita kuwa in ta ji haka ji take kamar ta kifa wa mai faɗa littafin waƙa a ka. Ba sanyi ba ne. Wanda za ta yi wa faɗan ne babu. Kullum cikinta tafasa yake, ta haɗiye, ta je gaban keji ta ce, "Haba Fasinja, yi haƙuri, ko kalma ɗaya."

Mako shida da dawowa daga wurin Angelina, ranar Asabar, Tamar ta iso da kwali. Ta ajiye shi a baranda, ta nuna kejin da sanda. Ta ce sun yi magana da Kevin a waya, yaron hankalinsa ya tashi. Ta ce gobe iyali za su fita sujadar godiya, kuma ba za a fita godiya ana nuna matar ɗan'uwanta da baki ba. Akwai wani ɗan'uwa a Kagarko mai kiwon tantabaru, ya yarda zai karɓa. Gobe da safe za ta biyo su tafi coci tare, ana tashi a sa tsuntsu a mota.

"Don ke muke yi, matarmu. Tsuntsun ma ya manta da shi, ke ce kika ƙi."

Maganar ta soki Hulda don tana tsoron gaskiya ce. Ta dubi ƙirjin Fasinja, rabi gashi rabi fata. Amsoshi goma suka taso mata, kowace ta isa ta tayar da unguwa. Ta haɗiye su duka ta ce, "To, Yaya."

Ranar Lahadi ta tashi da wuri. Ta hura gawayi, ta ɗora tukunya, hankalinta na wani wuri. Sai da ta juye ruwan ta ga ta dafa na mutum biyu, yadda hannunta ya saba. Ta tsaya tana kallon bokitin. Ta yi tsaki, ta yanka gwandar da ta ɓoye masa, mai kyau, wadda ta zagaye kasuwa kafin ta samu, ta kai masa. Ta dawo kicin ke nan ta ji ƙarar kwano a siminti. Ta leƙa. Ya kifar da gwandar ƙasa, ya tsaya a kan sandarsa da wani sabon gashi a baki, ɗigon jini a ƙirjinsa. Ga kwalin Tamar a gefe, an huda masa ramukan iska.

Nan abin ya tsinke.

Ta koma kicin don kada ta yi wa tsuntsun abin da za ta yi nadama. Hannunta ya faɗa kan murfin tukunya, ta ɗaga ta maka shi har gawayi ya yi tsalle. Da tsuntsun ta fara: mara godiya, mai baƙin hali, ta bar darajarta tana buga ƙofa kamar mahaukaciya saboda shi. Amma kafin ta ankara faɗan ya bar kan tsuntsu ya koma inda ya saba zuwa. Wane irin mutum ne zai fita duba masara ya ƙi dawowa? Wane irin mutum ne zai shekara ashirin da shida da abu bai taɓa cewa zo ki ga yadda ake yi ba? Ya tafi ya bar ta da yayarsa, da tsuntsunsa, da ruwan mutum biyu. Muryar ta buɗe gaba ɗaya, ta tsallake katanga, kare ya yi haushi a gidan maƙwabta.

"Gershon! Da kai nake! Ruwan nan zai huce!"

Ta tsaya tana haki, ta ji kunyar kanta.

Daga bayan bangon aka yi tari biyu.

"Na ji, Hedimasta. Bari in gama da Fasinja."

Ta zauna a kan turmi. Shi ne. Har da ɗan jan da yake yi wa sunan, har da gajiyar safiya a ciki. Ta toshe bakinta da zane don kada kukanta ya rufe wani abu. Aka ɗan jima, sai muryar ta sake fitowa, wannan karon ƙasa-ƙasa, irin ta mai ɓoye magana, da 'yar dariya ta hanci wadda ta sani sarai:

"Yauwa, mutumina. Ka cece ni. Ungo."

Hulda ta sauke zanen daga bakinta. Ta ɗauki lokaci kafin abin ya gama shiga kanta. Wato ba ma Gershon ne yake amsa mata ba. Wato mutumin nan zama yake yi a kujerarsa, ya miƙe ƙafa, ta yi ta zuba faɗa daga kicin, tsuntsu ya amsa mata, shi kuma ya biya shi lada suna yi mata dariya. Tun yaushe? Shekara biyar? Goma? Ita hedimasta guda, da ba a taɓa yi wa satar amsa a aji ta kasa kamawa ba. Ta ce, "Amma Gershon kai mugu ne," dariya ta ƙwace mata, kuka ya bi ta, ta rasa wanne take yi.

Ta tashi ta zagayo bangon. Fasinja ya sauko ƙasan sandarsa, ya manne da ƙarfen keji ta wajen kujerar da ba kowa, ya ɗaga ƙafa ɗaya a buɗe. Jira yake. An ce ungo, ba a ba shi ba.

Ta ɗauko kwakwa mafi ja a cikin kwano. Ta ja kujerar Gershon, wadda ba ta taɓa zama a kai ba, ta zauna. Ta miƙa da hannun da ya taɓa tsaga wa yatsa. Ya kalle ta da ido ɗaya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa ƙafa ya karɓa, ya fara ɓare ta, ɓawon yana zuba a simintin da ta share jiya.

Ana haka aka buga ƙofar gida da sanda. Tamar ce, cikin kayan coci, tana kira daga waje: lokaci ya tafi, fasto ba zai jira su ba, ta yi wanka kuwa? Ta sa tsuntsun a kwali?

Hulda ta miƙa ƙafa ta ture kwalin, ya gangara daga baranda ya faɗa cikin ruwan saman da ya kwanta a tsakar gida. Ruwan wanka yana can a bokiti, tururinsa ya daina tashi, ko waiwaya ba ta yi ba. Ta ɗauki kwakwa ta biyu. Ta ɗaga muryarta ta dā, wadda ake ji har shagon tsallake.

"Na ji, Yaya. Bari in gama da Fasinja."